Tukunyar Maƙwabta da Jakar Kamfani

Na sauka Poland da akwati ɗaya, da ƙullin busasshiyar citta ta Kachia, da kuma Mansur. Akwatin da cittar ba su taɓa ba ni wahala ba.

Mansur ɗan Malam Tanimu mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Kafanchan. Mu Kiristoci ne, kawuna ma dillali ne a kasuwar aladu ta ranar Alhamis. Amma tun ina yaro ban taɓa ganin Baba ya sa wa akuyar Kirsimeti wuƙa da hannunsa ba. Malam Tanimu ake kira ya yanka, don idan an dafa a iya kai wa kowa a layinmu. Mama kuwa tana da wata tukunya mai murfi ja a saman kabad, wadda muke kira tukunyar maƙwabta. Alade bai taɓa shiga cikinta ba, cokalinta daban, soson wanke ta daban. Na taɓa ɗumama ragowar miya a ciki ina aji uku, har yau idan na tuna kunnena na hagu yakan yi zafi.

Jami'a ɗaya ta ɗauke mu ni da Mansur karatun digiri na biyu. Na girme shi da shekara biyu kacal, amma wannan ya ishi mahaifiyarsa, Inna Uwani, ta ɗora mini kaya. Ta ce ita ba ruwanta da sakamakon jarrabawa, abin da ta sani shi ne ɗanta tsirfa gare shi wajen abinci, ni ne babba, in tabbata yana ci. Ta ce, "Ishaya, amana ce." Na ce ba komai, Inna, cikin fara'ar wanda bai san abin da ya amsa ba.

Tun makon farko na fara ganewa. Mun shiga kantin da ke kusa da hostal ɗinmu, ni minti goma na cika kwando, Mansur kuwa yana nan tsaye da fakitin biskit ɗaya, ya haska shi da waya tana fassara masa abin da aka rubuta a baya. Ya ajiye. Ya ɗauki yogot, ya ce akwai jelatin, jelatin kuma a ƙasar nan daga fatar alade ake yin sa. Ya ajiye. Har alawa bai bari ba. Muka fito da burodi da ƙwai da gwangwanin sadin, shi ma sadin ɗin sai da ya juya shi sau uku.

A hostal akwai ɗalibai Musulmi da dama, kuma kowa da mazhabarsa a kan tambarin halal. Wani ɗan Masar da zarar ya ga koren tambari da rubutun Larabci, ya gama bincike. Wani ɗan Ilorin cewa yake muddin ba alade ba ne, bisimilla ta wadatar. Mansur shi kaɗai ne a nasa layin. Ya ce tambari takarda ce, shi ɗan mahauci ne, naman da bai san hannun da ya yanka ba bai san shi ba. In an matsa masa sai ya tambaya wa ya buga tambarin, wa ya ga yankan, ina aka fuskantar da dabbar. Sai a watse a bar shi da sadin ɗinsa.

Shagon kebab guda ɗaya ne a garin ya yarda da shi, saboda mai shagon yana da tabon salla a goshi kuma ya rantse masa. Nan yake cin nama sau biyu a mako, ni ma hankalina ya ɗan kwanta.

Sai na fara aikin kai abinci a kan keke. Na yi rajista a wata manhaja, suka ba ni riga da wata ƙatuwar jaka mai kusurwa huɗu da ake goyawa a baya. Da na aika wa Mama hoto, tambaya ta yi ko firij nake tallarsa. Ban taɓa ganin ogana ba, don ogan a cikin waya yake. Ƙara kawai za ta yi, ka karɓi oda ko ka ƙi. In ka ƙi, an rubuta. In mai abinci ya ɓata lokaci, kai ne ka makara. In miya ta zube saboda ramin titi, kwastoma ya rage maka tauraron yabo a manhaja. In ka faɗi a kan ƙanƙara, abin da za a fara tambayarka shi ne ko abincin ya isa. Sun ce mu ba ma'aikatansu ba ne, abokan hulɗa ne. Ni dai ban taɓa ganin abokin da zai aiko ka hawa na biyar a gidan da babu lifta ba, ya kuma auna maka minti.

Na yi kewar 'yan acaɓan tashar Kafanchan sosai a lokacin. Can in fasinja ya raina ka, akwai shugaban ƙungiya mai tumbi da za ka kai wa ƙara, ko bai yi komai ba zai ce ka yi haƙuri. Nan in ka kai ƙara, saƙo ne zai dawo maka cikin daƙiƙa ɗaya yana gode maka da ka tuntuɓe su.

Mai kai abinci ta ƙofar baya yake shiga, saboda haka yana ganin abin da mai ci ba ya gani. Wata rana ina jiran oda a bayan shagon kebab ɗin Mansur, na ga motar nama tana sauke kaya. Kwalayen da ta sauke musu iri ɗaya ne sak da waɗanda ta sauke wa gidan abincin da ke kusa, inda ba ruwansu da halal. Sai ga ƙanin mai shagon ya fito da naɗin koren tambari a hannu, yana ɓarewa yana mannawa, yana yin fito da baki. Ban san ko naman halal ne ko ba halal ba, Allah ne shaida. Abin da na sani shi ne da na yi shiru da na huta. Amma bakina bai iya riƙe labari ba, ina komawa ɗaki na zayyana wa Mansur, har da kwaikwayon fiton.

Daga ranar Mansur ya yi sallama da nama.

Na yi ƙoƙarin gyara ɓarnar da na yi. Na gano wani shagon 'yan Turkiyya a can ƙarshen gari, na sayo masa shinkafa da naman rago da zafinsu, na sako a jakata. Ya dubi abincin, ya dubi jakar, ya tambaye ni me na ɗauka a cikinta kafin wannan. Ni kuma ɗan majami'a, na faɗi gaskiya: haƙarƙarin alade, oda uku. Ya ce in ci kawai, ya gode. Na ci ɗin, amma da haushi na ci.

A nan ne tarbiyyar Mama ta tashi mini. Na ce in dai tukunya za ta iya zama ta maƙwabta, jaka ma za ta iya. Na wanke jakar da ruwan zafi da omo, na shanya ta a kan hitar ɗumama ɗaki, na yanke wa kaina doka cewa alade ya daina shiga. Duk odar da ta fito daga gidan abincin da na san da alade, sai in ƙi. Abin da ban lissafa ba shi ne a Poland nake. Mutanen nan har cikin miyar kabeji suna sa shi. A yini ɗaya sai in ƙi oda fiye da wadda na karɓa, in tsaya a bakin titi cikin sanyi ina jiran wani bawan Allah ya ji marmarin fiza mai ganye. Ogan cikin waya ya fara aiko mini saƙonni masu ladabi. Na ƙarshe ya ce in na sake ƙin oda ɗaya a wannan makon za a rufe mini aiki. Mansur kuwa, duk da jakar ta musulunta, cewa ya yi matsalar yanzu ba jaka ba ce, shi fa bai ga yankan ba.

Zuwa Disamba wandonsa ya fara neman igiya. Wuyansa ya yi tsawo, idanunsa suka faɗa. Ran nan jiri ya kwashe shi a ɗakin gwaje-gwaje, aka kai shi asibitin makaranta, likita ta ce jininsa ya yi ƙasa. Da muka dawo ya zauna a bakin gado, ya ce shi ya gaji, bayan sabuwar shekara zai tattara ya koma gida, karatun da za a yi da yunwa ba dole ba ne. Ya ce kada in gaya wa Inna. Ban yi masa dariya ba ranar. Tsoro ne ya kama ni, da kunya. Na hango kaina na shiga layinmu, Inna Uwani tana zaune a ƙofar gida, ta amsa gaisuwata ta kau da kai.

Ina cikin wannan tunani Baba ya kira, yana ba ni labarin akuyar bana, wai daga Fadan Kaje ya samo ta, ya riga ya gaya wa Malam Tanimu ya wasa wuƙa. Yana magana ina kallon silin. Ashe maganin yana gidanmu tun kafin a haife ni. Mansur hannun da ya yanka yake so ya sani, to ai yana da hannu.

Saura inda za a sami kaza mai rai a garin da ko ƙwai sai da lamba a jikinsa. Akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofar hostal, Kaka Halina, wadda kullum take hararar takalmana saboda laka. Tun da na ba ta citta lokacin da mura ta kama ta muka shirya. Ba ta jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce gaisuwa ba, don haka na tsaya a gabanta na buɗe hannuwa ina fuka-fuki, na yi cara, sannan na ja yatsa a wuya. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta zana mini taswirar gidanta a bayan wata takarda, can bayan gari, ta nuna mini a kalanda in zo jajibirin Kirsimeti da safe.

Na je a kan keke. Ta shigar da ni ta nuna mini wani ƙaton kifi yana iyo a bahon wankanta, wai shi ne na bikinsu, na ce lallai kowa da akuyarsa. Sannan ta kai ni bayan gida ta nuna mini zakaran. Tsoho ne, ja, ido ɗaya, kuma daga yadda sauran kajin suka matsa gefe na san ba wanda zai yi kewarsa. Ta ƙi karɓar komai. Na ɗaure masa ƙafa, na shimfiɗa kwali, na sa shi a jakar kamfani, na bar zif a ɗan buɗe don ya sha iska.

Na yi rabin hanya waya ta yi ƙara. Na manta ban kashe manhajar ba. Oda ce, kek daga wani gidan burodi zuwa wani gida da ke kan hanyata, kuma in na ƙi, aiki ya tafi. Na ce ai minti goma ne. Na karɓi kek ɗin, na ɗora shi a saman jaka, na raba su da zakara da kwali biyu, na roƙe shi da girman Allah ya yi shiru. Ya yi shirun kuwa, har na fara ganin kirkinsa.

Wata mata ce ta buɗe ƙofa, da 'yar jikarta a gefe. Na durƙusa na zuge zif, na ɗago kek lafiya lau ba ko ƙwarzane. Ina miƙa mata sai ga jan kai ya ɓullo ta gefen kwali. Ya dube ta da idonsa ɗaya, ya miƙe wuya, ya saki cara irin wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan, a cikin benen da ko tari aka yi sai ya amsa. Yarinyar ta hau tsalle tana tafi. Matar ta riƙe kek da hannu ɗaya, ta ɗauki hoto da ɗayan. Na ce mata barka da Kirsimeti da yarensu, don shi kaɗai ya zo mini.

Kafin in kai hostal saƙo ya shigo. An rufe mini aiki saboda ɗaukar dabba mai rai a jakar abinci, in mayar da kayansu cikin mako guda. A ƙasa sun gode mini da hulɗar da muka yi.

Na shiga ɗaki na ajiye jakar a gaban Mansur, na ce ga nama nan, babu tambari, babu kamfani, ya tashi ya yanka. Ya leƙa, zakara ya kai masa sara. Ya tambaye ni a ina za a yanka, a banɗakin hostal? Sai a lokacin na ga wautata. Da Mansur na kai wa zakara tun farko, da yanzu ina da aiki. Haka muka hau bas mu uku muka koma gidan Kaka Halina, ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta sake cire tabarau.

A bayan gidan, cikin dusar ƙanƙara, na danne ƙafafu da fuka-fuki kamar yadda nake riƙe wa Malam Tanimu tun ina ɗan shekara goma. Waya ta nuna mana alƙibla. Mansur ya karɓi wuƙa ya tsaya. Na ce bisimilla mana. Ya ci gaba da tsayuwa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi fa bai taɓa yanka ko tantabara ba, kullum yana makaranta, yayyensa ne ke zuwa mahauta.

Na ce, "Mansur, wata huɗu kana mana wa'azin hannun da ya yanka. Aikina ya tafi a kan zakaran nan. Yau ko kai ko shi."

Ba yadda ya iya, ya kira babansa ta bidiyo. Aka yi sa'a Malam Tanimu yana tsakar gidanmu, an gama da akuya ana fiɗa, Baba na riƙe da ƙafa, Mama na gefe da roba. Na ga bishiyar mangwaronmu, na ji ƙarar keke napep a waje. Mansur ya yi bayani tun daga tambari har zuwa jaka. Malam Tanimu ya saurara yana goge wuƙa a tsumma, ya ce taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma ba a ce mutum ya kashe kansa ba.

Sannan ya ce, "Shekara talatin ina cin abincin gidan nan. Ka taɓa ganin na leƙa tukunyar maman Ishaya? Na san mutanen, shi ke nan."

Mama ta ajiye roba ta matso kusa da wayar. "A'a, Malam, tukunya na ku daban ne fa. Wancan mai jan murfi. Tun da na zo gidan nan, ko sau ɗaya alade bai shiga shi ba."

Malam Tanimu ya juya ya dube ta. Ashe bai sani ba. Shekara talatin tana wanke tukunya da soso daban ba ta taɓa faɗa ba, shi kuma yana ci bai taɓa tambaya ba. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara ƙafar akuyar da ba ta bukatar gyara. Ni dai hawaye na ji, kuma ban iya sharewa ba saboda hannuwana biyu suna kan zakara.

Malam Tanimu ya yi gyaran murya, ya ce wa ɗansa ya kama kan da kyau, ya ambaci sunan Allah, ya ja sau ɗaya kada ya yi ta gurzawa kamar mai yanka katako. Mansur ya rufe ido. Uban ya ce ya buɗe. Ya buɗe, ya yanka. Daga Kafanchan muka ji Mama ta ce haleluya.

Kaka Halina ta fito da tukunya daga kicin, tsohuwa, baƙa, wadda Allah kaɗai ya san abin da ta dafa a rayuwarta. Na ga Mansur ya dube ta. Sai ya naɗe hannun riga, ya karɓa, ya wanke ta da kansa, ya ɗora a wuta. Na zuba citta ta Kachia da yawa. Zakaran nan ko a tukunya bai daina taurin kai ba, awa uku yana dahuwa, da muka zo ci sai da muka yi kokawa da shi. Mansur ya cinye cinya biyu da ƙirji, ya tsotse ƙashi, ya shanye romo, gumi na keto masa a tsakiyar hunturu. Ya zuba wa Kaka Halina nata a kwano ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu yadda ake yi a layinmu, ita kuma ta yanko mana kifinta.

Ban tambaye shi zancen komawa gida ba. Shi ne, yana suɗe yatsa, ya ce in tambayi tsohuwar ko tana da wanda ke sayar da kaji nan kusa, don a wata mai zuwa yana so ya gwada ba tare da an kira Kafanchan ba.

Da za mu tafi ya wanke jakar kamfani tas, ya sa ragowar naman a ciki, ya ce goyon da na yi mata ya isa haka. Ya saɓa ta a baya, siririn mutum da firij, yana tafe yana zamewa a kan ƙanƙara. Na ɗauke shi hoto na tura wa Inna Uwani, na rubuta mata cewa yau ɗanta ya ci rabin zakara.

Muna cikin bas amsarta ta shigo, saƙon murya. Ta yi mini barka da Kirsimeti, ta sa mini albarka mai tsawo har ta haɗa da 'ya'yan da ban haifa ba. Sannan ta ce, "Amma Ishaya, na duba hoton nan da kyau. Har yanzu wuyansa dogo ne. A ƙara ƙoƙari."